Daron Ruwan Sukari a Saman Benenmu

Ban taso da sanin ƙudan zuma ba. Har aka kai ni ɗakin miji, iyakar abin da na sani game da su shi ne suna harbi, zumarsu kuma tana maganin tari. A gidan Malam, mijina, a Fagge, na fara ganin akwatin zuma da idona. Guda uku ne a jere a saman bene, bayan tankin ruwa, ƙafafun kowanne a tsome cikin gwangwanin baƙin mai saboda kiyashi. Malam koyarwa yake yi a firamare. In ya taso daga makaranta ya ci abinci, sai ya hau can ya zauna nesa kaɗan yana kallon shigarsu da fitarsu, kamar yadda sauran maza suke zaman majalisa.

Gidan na gado ne. Mahaifinsu daga wajen Biu ya zo Kano tun yana saurayi, ya kama sana'ar atamfa, amma har ya rasu bai rabu da kiwon zuma ba. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Malam da wansa, wanda dukkanmu muke ce wa Yaya. Tare suka koyi aikin zuma a hannun tsohon. Yaya ya bi kasuwa, ya yi ƙarfi a Kantin Kwari, ya gina gida a wata unguwa ya tashi, sashensa na gidan gadon kuma ya mayar da shi sito. Haka Fagge ta koma a shekarun nan. Gidan da ka sani cike da mata da yara, wata rana sai ka ga an sa masa ƙofar ƙarfe, 'yan dako suna shiga da diloli a ka. Sashenmu da saman benen ne kawai suka rage. Yaya ya daɗe yana so a rushe a tayar da sito hawa biyu, Malam yana cewa shi a nan aka yanke masa cibiya, a nan kuma za a ɗauki gawarsa. Mu biyu ne a sashen, domin Allah bai ba mu haihuwa ba.

Wata safiya Malam yana alwala ya faɗi. Hawan jini ne. Da muka dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, sai ni kaɗai nake gane maganarsa, ni ma sai na sunkuya. Da rana nakan shimfiɗa masa katifa a barandar tsakar gida, inda yake iya hango matattakalar bene da ɗan yankin sama.

Da damina ta nutsa, marka ta kama, sai na lura ya daina kallona in ina magana, sama yake kallo. Wata yamma ya kamo gefen zanena da hannunsa mai lafiya.

"Suna jin yunwa," ya ce.

"Su wa, Malam?"

Ya nuna sama da haɓa. Na yi mamaki, domin ni a ganina damina ita ce lokacin ƙoshi, ko'ina kore. A hankali, yana yi yana hutawa, ya fahimtar da ni cewa furen darbejiya da na mangwaro tun bazara suka wuce, ruwan sama kuma yana tsare su a gida, ɗan furen da ya rage ya wanke shi. A irin wannan lokacin ne suke cinye ajiyarsu, in ta ƙare su mutu ko su gudu. Ya ce akwatin da ke gefen tanki ya fi damunsa, domin tun kafin ya kwanta ya ga ba su da yawa.

Haka na zama mai ciyar da ƙudan zuma, ina tsoronsu kamar me. Ya sa na tafasa ruwa na sauke, sannan na zuba farin sukari, gwangwani ɗaya na ruwa, ɗaya na sukari, na yi ta juyawa har ya narke. Bai yarda a dafa sukarin a kan wuta ba, ya ce in ya ƙone ya zama guba a cikinsu. Na ce ga mazarƙwaila a gida, ya girgiza kai, wai tana sa su zawo. Na ce to in sayo musu zuma a kasuwa mana, tunda abincinsu ne. Nan ya fi ɓata rai. Ya ce ba mu san daga wace amya ta fito ba, cutar wani gidan za mu kwaso mu zuba musu a baki.

Da ruwan ya huce na zuba a faranti, na ɗauka zan hau in ajiye musu a kan akwatin. Sai na ji yana dukan katifa da tafin hannu. Na dawo na durƙusa.

"A ciki," ya ce. "Kullum a ciki. In kin ajiye a fili, shela kika yi."

Ya daɗe yana fama da harshensa kafin na gane sauran. Ƙudan zuma mai jin yunwa in ya ji ƙanshin zaƙi a fili, hankalinsa gushewa yake yi. Na kusa da na nesa duk za su taru, in sun shanye na farantin su auka wa akwatin da ya fi rauni, su kashe masu gadin ƙofa, su kwashe komai. In kuwa faɗa ya kaure, duk abin da ya motsa a kusa, mutum ko dabba, harbinsa za su yi. Ban da haka, ruwa mai zurfi kabari ne a gare su, faɗawa suke yi su nutse.

Ya sa na nemo kwalba mai murfi, na huda murfin da allura wuri-wuri, ƙananan huda. Na cika, na kifa ta a kan baho har ɗigar ta tsaya. Ita zan buɗe akwatin in kifa a ciki a kan 'yan itatuwa biyu, su riƙa tsotsa ta ƙasa. Lokacinsa kuma gab da magariba, sa'ad da suka daina yawo. In ɗigo ɗaya ya zuba a jikin akwatin in goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙofar akwatin mai raunin kuma in toshe ta da guntun katako, in bar 'yar kafa wadda masu gadi kaɗan za su iya tsarewa. Kada in cika musu abin da ba za su shanye da wuri ba, domin in ya kwana biyu tsami yake yi.

Ranar farko na sa tsohon kaftaninsa da wandonsa, da hularsa mai ragar kare fuska, na ɗaure ƙafafun wandon da igiya. Na ɗauki gwangwanin hayaƙin da ake kwantar da su da shi na hau. Ɗaya ta harbe ni a wuyan hannu, na cije na ƙarasa. Da na sauko ya sa na ba shi labari tun daga hawa har sauka, ya kuma tambaye ni irin kukan da suke yi. Na ce kuka ne ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa daga nesa. Ya lumshe ido. Tun da ya kwanta ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Muka yi makonni a haka. Na saba, har nakan tsaya in kalli yadda suke zagaye murfin kwalbar, kai da kai. Ya zamana duk yininmu wannan sa'ar muke jira.

Yaya yakan zo ran Juma'a bayan masallaci, da babbar riga da ƙanshin turare. Ba ya zama. Yakan tsaya a kan Malam ya ce, "Ya jiki?" ya wuce duba sitonsa. Wata Juma'a ya tarar da ni ina juya sukari a tukunya.

"Wannan fa? Kunu ake yi wa mara lafiyan?"

"Na ƙudan zuma ne, Yaya."

Ya yi dariya har yana riƙe hula. Ya dubi ƙanensa a kwance.

"Kai da sai an ɗaga ka an ajiye, kai ne da ciyar da ƙwari? Ba ɗa, ba jika, sai ƙuda. To su za su ɗauki makararka?"

Malam ya motsa baki, maganar ta ƙi fita, miyau ya zubo masa a gefen baki. Na sa gefen mayafina na goge. Yaya ya tsaya yana kallo har na gama, sannan ya ce da ni, cikin murya mai taushi, ya samo mana ɗaki ciki da falo a Sabon Gari, kusa da asibiti, ba hawa ba sauka, in lallashi mijina. Na ce Malam ya riga ya faɗi ra'ayinsa tun yana da lafiya.

"Da yana da lafiya kenan," in ji Yaya. Ya leƙa tukunyar, ya lakato da yatsa ya ɗanɗana. "Daidai kika haɗa. Haka Baba yake yi. A ciki kike sa musu ko?"

Na ce a ciki. Ya gyaɗa kai ya fita.

Ranar da abin ya faru, sama ta washe bayan kwanaki ana ruwa. Da hantsi na gyara Malam a baranda, na ajiye masa ruwa kusa da hannunsa na hagu, na tafi kasuwar Sabon Gari sayen maganinsa da sukari. Cunkoson motoci a mahaɗar Bata ya riƙe ni, ban dawo ba sai bayan azahar.

Tun daga bakin layinmu na ga mutane suna gudu, wasu sun lulluɓe kai da riguna. Mai shayin kan kwana ya bar teburinsa. Wata akuya da aka ɗaure a jikin turken lantarki tana ta birgima tana kuka, ba wanda ya iya zuwa ya kwance ta. Saman gidanmu kuwa ya yi baƙi da ƙudan zuma, kukan da ke fitowa daga can ba irin wanda na sani ba ne, ƙara ce mai kaifi. Na ja mayafi na rufe fuska na kutsa.

Ban ga Malam a katifa ba. A gindin matattakala na same shi, kife. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ya ja jikinsa tun daga baranda, gwiwar hannunsa ta saɓule, fuskarsa da wuyansa duk harbi, ido ɗaya ya rufe don kumburi. Na ja shi zuwa ɗaki na rufe ƙofa da taga. Ina cire masa ƙayoyin harbin da farce yana ta maimaita kalma ɗaya, sai da na kara kunnena a bakinsa na ji.

"Daro. Daro."

Na sa kayan aiki na hau. Babban daron wanki ne, sabo fil, an girke shi a gaban akwatin da ke gefen tanki, cike da ruwan sukari mai kauri. Ba a ganin ruwan ma, gawarwaki ne suka rufe shi, waɗansu suna tafiya a kan waɗansu suna nutsewa. An zare katakon da na toshe ƙofa da shi an jefar. An ture murfin akwatin gefe, an ɓantaro saƙa guda an yar a ƙasa tana tsiyaya. A bakin ƙofar sun cure suna kashe juna, biyu-biyu, uku-uku, suna gangarowa ƙasa a manne. Na kifar da daron, na yi ta kwara ruwan tanki, na mayar da murfin, amma na san na makara.

Da na sauko Malam ya faɗa mini aikin Yaya ne, sauran abin da ya gani kuma daga baya, cikin kwanaki, ya harhaɗa mini. Fitata ke da wuya Yaya ya shigo, shi da ɗan dako ɗauke da daron. Ya tsaya a kan Malam ya gaishe shi da kyau, sannan ya ce, "Na ga matarka tana wahala da 'yar kwalba. Yau na zo in taya ka ciyar da 'ya'yanka, su ci su ƙoshi." Malam ya yi ta ƙoƙarin ihu. Yaya ya sallami ɗan dakon a bakin matattakala, ya sa hular ragar Malam da ke rataye a ƙusa, ya hau da kansa. Da ya sauko ya mayar da hular inda take, ya wanke hannu da ruwan shan da na ajiye wa Malam, ya ja ƙofar gida ya tafi. Malam ya kwanta yana jin kukan yana sauyawa, ya san abin da ke zuwa daki-daki, domin uba ɗaya ne ya koya musu.

A layinmu mutane da yawa sun sha harbi a ranar, amma wadda ta fi jin jiki 'yar maƙwabciyarmu ce, yarinya ƙarama da aka aika sayen ƙuli-ƙuli. Ta kumbura har numfashinta yana sarƙewa, aka ruga da ita asibiti a babur. Allah ya yi da sauran kwananta. Akuyar dai ta mutu.

Bayan la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Uwar yarinyar, wadda muka yi shekaru muna aron turmi da taɓarya da ita, ta tsaya tana zagina ta uwa ta uba, ban kuma ga laifinta ba. Ana cikin haka motar Yaya ta tsaya. Ya fito yana salati, ya bi dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Ya ce ya daɗe yana faɗa wa ƙanensa cikin gari ba wurin wannan abin ba ne, ga shi yanzu mutum ya kwanta ya bar wa mace, ita kuma ba ta san kan abin ba, ta je ta ajiye musu ruwan sukari a fili. Ya ce duk abin da aka kashe a asibiti yana wuyansa, akuya ma zai biya.

"Ba ni na ajiye ba," na ce. "Yaya, ka ji tsoron Allah. Kai ka hau da daron nan."

Bai ko ɗaga murya ba. Ya dubi dattawan ya ce, "Kun gani ko? Jinya ta taɓa ta, a yi mata uzuri. Ga mai gidan nan a ciki, a tambaye shi."

Mutum biyu suka shiga ɗaki. Malam ya yi ta magana, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana nuna ƙofa, yana dukan ƙirji. Ba su gane ko kalma ɗaya ba. Da na fara fassara musu, ɗaya ya ce, "To ai ke ce mai faɗa, ke ce mai fassara." Suka fito suna girgiza kai.

Na roƙi a ba ni zuwa gobe. Na ce akwai abokin Malam da ke da gona a bayan gari, zai zo da mota a toshe akwatunan a kwashe su, ko ɗaya ba zai rage a unguwar ba. Wasu dattawan har sun fara cewa hakan ma ya yi. Yaya ya ce in wani yaron ya mutu kafin goben, wa zai amsa? Wani saurayi ya ce a hau yanzu a ƙone su.

"A'a," in ji Yaya. "Ku bari sai magariba, sun gama komawa gida. In kun ƙona yanzu rabinsu suna waje."

Ana idar da salla ya dawo da galan ɗin fetur. Ya sa aka ɗauko Malam daga ɗaki aka zaunar da shi a kujera a tsakar gida, wai dukiyarsa ce, dole ya shaida, kada gobe a ce an yi a bayan idonsa. Na ce a mayar da shi ciki, ba wanda ya saurare ni. Yaya ya hau da samari biyu. Ya toshe ƙofofin akwatunan da tsumma tukuna. Daga ƙasa ba ma ganin akwatunan, sai hasken wutar a jikin tanki. Amma mun ji. Kukan ya tashi sama gaba ɗaya, ya daɗe fiye da yadda na zata, sannan ya koma ƙarar fashe-fashe kamar ana suyar gyaɗa. Narkakken kaki ya biyo indararo yana ɗiga tsakar gida. Unguwa duka ta ɗauki ƙanshin zuma mai ƙuna, har yara a waje suna cewa daɗi. Malam bai rufe idonsa mai gani ba. Hannunsa na hagu yana cikin nawa, ya matse har farcensa ya shiga fatata.

Da Yaya ya sauko ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka huta yanzu."

Bayan wannan ba mu iya zaman layin ba. Ba mai amsa sallamata, yara suna jifan ƙofarmu. Kafin damina ta ɗauke muka koma ɗakin da Yaya ya kama a Sabon Gari, a wani dogon gidan haya mai famfo ɗaya. A keken guragun da Yaya ya ara mana aka fito da Malam. Ranar da muke loda kaya, magina sun riga sun sauke yashi a ƙofar gidan.

Ɗakin da ke kusa da namu na wata dattijuwa ce Kirista, mutuniyar wajen Zariya, wadda ta yi ritaya daga koyarwa. Kowa Mama yake ce mata. Ita take kama mini Malam in zan juya shi, ran Lahadi in ta dawo daga coci ta kawo masa faten acca. Shi kuwa ya daina ci. In na kai cokali sai ya datse haƙora ya juya fuska bango. Maganar ma ya bar ta, har da ni. Mama takan zauna a bakin katifar ta ce, "Malam, ko don baiwar Allahn nan ka karɓi cokali ɗaya." Wani lokacin ya karɓa, ya riƙe a baki, sai ta fita ya bar shi ya zubo.

Bai kai azumi ba. Da safe ne, ina shanya, Mama ta leƙa ta kira ni a hankali.

A sabon gidan Yaya aka yi zaman makoki, ya ce ɗakin haya bai dace da ɗan gidansu ba. Ya kafa rumfuna, ya yanka sa. Daga cikin gida ina jin 'yan kasuwa suna yi masa gaisuwa, suna cewa samun ɗan'uwa irinsa sai an tona, ya riƙe ƙanensa har ƙarshe. Ran sadakar uku ya aiko direbansa ya mayar da ni Sabon Gari in yi takaba a can. Da muka isa direban bai tafi ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce Alhaji, wato Yaya, ya ce in ba shi keken guragun da aka ara mana, da katifar, akwai mai gadinsa da ke bukata. Ni da Mama muka naɗe katifar muka miƙa masa. A tabarmarta na yi takaba.